Ranar Da Na Nemi Wuƙa A Gidan Da Ba A Yanka

Ni dillalin dabbobi ne tun ina saurayi. Aji uku na yi a sakandare na watsar, na bi mahaifina kara, kasuwar dabbobi, can na yi shekara ashirin da ɗoriya. In na ɗora hannu a gadon bayan sa sau ɗaya zan gaya maka naman da ke jikinsa, kuma mahauta ba sa musu da ni. To wannan mutumin ne ya tsinci kansa a hawa na goma sha biyu a Pantai Dalam, cikin Kuala Lumpur, yana leƙen jirgin ƙasa ta taga. Matata malamar kwaleji ce, gwamnati ta turo ta digiri na uku, ni kuma na biyo ta a matsayin muharrami. Takardar zamana ta ɗan rakiya ce, ba izinin aiki a ciki. Masu karatu ku yi haƙuri da rubutuna, ni ba ɗan boko ba ne.

Wata takwas na yi daga ci sai barci. Turancina bai wuce na gaisuwa ba, yaren Malay kuwa kalma biyu na riƙe, makan wato cin abinci, da berapa wato nawa. Ɗalibanmu 'yan Najeriya in mun haɗu a Juma'a su gaishe ni da ladabi, Baba ina wuni, su juya su ci gaba da zancen sufabaiza, wato malamin da ke duba bincikensu. Duk haushin nan a kan matata na sauke shi. Ta dafa in ce gishiri ya yi yawa, ta sayo a waje in ce ta raina ni. Akwai abin da muke faɗa a kara in an kawo dabbar da ta tsufa ko ta karye, ba nono ba noma, mu ce wannan sai wuƙa. Haka nake ce wa kaina kullum in na kalli madubi. Wata Laraba na ce mata ta zaɓa, ko ta tattara mu koma Kano ƙarshen wata, ko in tafi ni kaɗai takardar sakinta ta biyo baya. Saura mata shekara guda ta gama. Ta tashi ta kwashe kwanuka.

Ranar Asabar ta ce in raka ta wani wuri a bayan gari inda ake ajiye shanu da tumaki. Ni na ɗauka kara ce. A mota ta fara yi min bayani, na ce ta rufe min baki, ba ita za ta koya min dabba ba. Muna sauka warin kashin shanu ya bugi hancina, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ban jira kowa ba na tsallaka shinge, na cafki wani farin rago, na danna gadon bayansa, na buɗe bakinsa na duba haƙora, na ɗaga kai na ce berapa. Ragon ya fasa wani irin kuka, ya fizge, ya je lungu yana karkarwa. Mai wurin, wata dattijuwa 'yar asalin Indiya, ta rugo tana faɗa. Matata ta sunkuyar da kai ta fassara min cewa nan ba a sayarwa kuma ba a yankawa, dabbobi ne da aka ceto, ana ciyar da su har su mutu da kansu. Shi ragon a bakin magudana aka tsince shi, igiya ta shige cikin naman wuyansa, kuma ya daɗe kafin ya yarda mutum ya taɓa shi. Maimakon in ji kunya sai na yi dariya, na ce wannan ai kiwon banza ne. Wannan kam matata ba ta fassara ba.

Na bar su na yi can ƙarshen garke don kada in ga fuskar matata. A ƙarƙashin rumfa na tarar da wata tsohuwar saniya kwance, ƙaho ɗaya a karye, hantsarta ta bushe, an ajiye mata ciyawa ba ta taɓa ba. Bakina da ya saba ya ce wannan sai wuƙa. Da na ji maganar ta fito a fili sai jikina ya yi sanyi, don na san wa na saba gaya wa haka. Na tsuguna. Ta miƙo wuya ta lashi tafin hannuna, na sosa mata ƙarƙashin maƙogwaro da gindin tozo yadda mahaifina ya koya min, ta ɗora kanta a gwiwata ta yi ajiyar zuciya. Rabon da wani abu mai rai ya nemi hannuna har na manta. Nan idona ya kai kan ƙafarta. Kofaton ya yi tsawo ya lanƙwashe, ruwan saman ƙasar nan da ba ya ɗaukewa ya jiƙa shi, tsakuwa ta maƙale a tsakani. Ashe ba tsufa ya kwantar da ita ba.

Na ɗaga murya na ce a kawo min wuƙa, har ina nunawa da hannu. Ku tuna ni ne mutumin da ya gama tambayar kuɗin rago. Dattijuwar ta shiga tsakanina da saniyar ta ware hannuwa, masu ziyara suka ja da baya, wani ya ɗaga waya. Ba ni da Turancin da zan wanke kaina. Sai matata, wadda na yi wa wa'adin saki kwana uku da suka wuce, ta matso ta tsaya kusa da ni. Abin da na tsinta a maganarta, wanda ta cika min daga baya, shi ne ta ce mijinta ya fi duk wanda ta sani sanin shanu, in ya ce ƙafa ce to ƙafa ce, kuma ita ta tsaya masa. Dattijuwar ta dube ta, sannan ta miƙo min wata 'yar wuƙa. Mutum biyu suka riƙe saniyar, na fere kofaton a hankali, na cire tsakuwar, na wanke wurin da ruwan gishiri. Kafin mu tafi saniyar ta miƙe. Tana ɗingishi, amma da ƙafarta ta je wurin ciyawa.

A mota na ce wa matata maganar ranar Laraba na janye ta, ta yafe min. Ban iya lallashi ba, iyakar abin da na faɗa ke nan. Ta ce dama ba don shanun ta kawo ni ba, don ni ne. Yanzu duk Asabar ina can, ba a biyana ko sisi, likitan dabbobinsu ma yakan tsaya ya kalli hannuna. Ragon nan wata uku ya yi yana gudu na, makon jiya ya ci dusa a tafina.

Ban daina cin nama ba, kuma layya zan yi in Allah ya kai mu, kada wani ya ce Malesiya ta juyar min da kai. Abin da na daina shi ne auna mai rai da abin da za a samu a jikinsa. Maza 'yan uwana da kuka rako matanku karatu kuna zaune a ɗaki kuna ƙuna, kada ku huce a kan wadda ba ta yi muku komai ba, ku fita ku nemi inda hannunku zai yi amfani. Kuma kafin ka kalli dabba, ko mutum, ko kanka, ka ce wannan sai wuƙa, tsuguna ka duba ƙafar tukuna.