Gidan da na rubuta ba kowa a cikinsa

A shekarar babban farin nan, lokacin da ake sauya fam da sule zuwa naira da kwabo, ni saurayi ne ɗan Kazaure wanda bai daɗe da barin makaranta ba. Ban mallaki komai ba sai keken yayana da na ara, da biro biyu a aljihun gaba, da rubutun hannu mai kyau wanda nake ji da shi kamar ni na ƙirƙiro boko. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami, mahaifiyata ce ke riƙe da mu da sana'ar ƙuli-ƙuli, ga gyaɗa ta ƙi a shekarar. Saboda haka da aka ce ana neman masu ɗan ilimi da za su zaga ƙauyuka su rubuta halin da jama'a ke ciki, ban tsaya shawara da kowa ba. Yau na tsufa, jikoki na ja mini gemu, amma akwai abin da na aikata a wannan aiki da ban taɓa faɗa wa wani mahaluki ba, har matata da ta riga ni gidan gaskiya. Shi nake so in sauke a wannan shafi.

An ba mu takardu masu layi-layi. A kowane gida za ka rubuta sunan maigida, da yawan bakin da yake ciyarwa, da masu ƙarfin yin aiki, da waɗanda suka tafi ci-rani, da dabbobin da suka rage. Can ƙarshe akwai wani ɗan gurbi na gidajen da masu su suka yi ƙaura, inda za ka rubuta ba kowa ka wuce. Babbanmu, wani dattijo mai tabarau da ba ya son a maimaita masa magana, ya tara mu ya ce hatsin agaji na nan tafe, kuma da wannan takarda za a raba shi. Gidan da ya shiga zai samu, wanda bai shiga ba ko tsaba ba zai gani ba. Ya ƙara da cewa ba ya son layi babu suna, ba ya son goge-goge. Wannan ta ƙarshen ce na fi riƙewa, don ta zo daidai da halina.

Ni aka tura ƙasar Roni, wasu abokaina aka watsa su Gwiwa da Babura. Ban san kaɗaici ba sai a can. Mutane na hango ni da takarda sai su ɗauka mai rubuta haraji ne, majalisa ta watse, hira ta mutu, a bar ni da inuwar bishiya. An sauke ni a zauren wani mai unguwa, ana aiko mini da ɗan abin da ya samu a kwano, amma ba wanda ke zama ya sa hannu tare da ni. Na yi makonni ban ji wanda ya kira ni da sunana ba, sai dai Malam. Gonaki sun zama fili fetal, rijiyoyi sai ka ƙara igiya a kan igiya, ƙartin gari duk sun nufi Kano da kudu neman aikin ƙarfi. Abin da nake so kawai shi ne in cika takarduna in koma gida in ci tuwon uwata.

A ranar ƙarshe ta zagayen na isa wani gida da ke ware shi kaɗai a gindin dutse, nesa kaɗan da sauran ƙauyen. Dangar kara ce, da zana a bakin ƙofa. Rana ta take, tayar kekena ta baya ta yi faci, ina tura shi ƙishirwa na cina. Na yi sallama sau ɗaya, sau biyu, shiru. A ta uku sai wata muryar mace ta amsa daga ciki, a hankali kamar mai tsoron kada maganar ta ƙare mata ƙarfi.

"Ba kowa."

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ma'anar wannan amsa. Mace na nufin babu namiji a gidan da zai fito ya gana da baƙo. Uwata ma haka take amsawa, alhali muna ciki mu biyar. Na tambayi maigidan, ta ce ya tafi ci-rani tun bayan kaka. Na tambayi su nawa ne a ciki, ta ce ita da yara biyu, ina ma jin ƙaramin yana wani kuka siriri. Sai na ce ta gaya mini sunan maigidan in rubuta. Nan ta yi shiru. Na sake tambaya, na ƙara da ɗaga murya, ba ta tanka ba. Na san dalili sarai, matar kirki a wancan zamani ba ta kama sunan mijinta, balle ga baƙon namiji ta bayan danga.

Abin da ya kamata in yi a fili yake. In tura kekena in koma cikin ƙauye, in tambayi wani dattijo sunan mai gidan gindin dutse, in cika layin. Tafiyar ba ta kai ta shan fura ba. Amma ƙauyen yana bayana, hanyar masaukina tana gabana, kuma na ji haushin yadda ta bar ni tsaye a rana ina magana da zana. Na ce a raina ai ita ta faɗa da bakinta. Na jingina takardar a kan sirdin keke, na je gurbin ƙarshe na rubuta ba kowa da rubutuna mai kyau, na kama hanya. Har na ɗan ji daɗin cewa takardar ta fita tsaf babu gogewa ko ɗaya.

Bayan 'yan makonni hatsin ya iso, aka sa ni cikin masu rabo a ƙofar gidan dagaci, ni ke kiran suna ana auna wa mutane da kwano. Babbanmu na zaune a kujera yana duban kowa ta saman tabarau. Da la'asar, buhuna sun kusa ƙarewa, sai wata mata ta matso daga gefen da mata ke tsaye, ta lulluɓe har fuska, da goyo a baya da ƙwarya a hannu. Ta durƙusa nesa kaɗan ta ce a yi mata aikin gafara, ba ta ji an kira gidansu ba, gidan gindin dutse. Tun kafin ta rufe baki na gane muryar. Babbanmu ya ce in duba. Na duba, ga layin nan, ga rubutuna. Da na ce kuskurena ne, da an auna mata a take, iyaka ya yi mini faɗa a gaban jama'a. Faɗan nan na guje wa. Na ce ranka ya daɗe, takarda ta nuna masu gidan sun tashi. Dagacin bai san su sosai ba, don baƙi ne da suka zo daga gabas ba da daɗewa ba, mai unguwarsu kuma yana kwance ba lafiya. Babbanmu ya ce ba zai auna wa wanda ba ya cikin takarda ba, in ya fara ba zai iya tsayawa ba.

Matar ba ta yi gardama ba. Ta juyo wajena, ba tare da ta ɗaga kai ba, ta ce, "Malam, ai ni ce ka yi wa sallama."

Na sunkuyar da kai ina jujjuya takardu kamar mai neman wani abu. Da na ɗago, ta yi nisa, ƙwaryar a kife a kanta.

Na koma Kazaure, aka yaba mini a kan tsaftar aiki, har aka ba ni gurbin akawu na dindindin. Uwata ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa tuwon da na yi ta mafarkinsa sai in ɗan taɓa in ture kwanon. Kullum sai in ce gobe zan koma, gobe kuma ta zo in samu uzuri. Sai da ruwan shekara ta gaba ya sauka na ɗaura ɗan buhun gero a bayan keke na nufi gindin dutsen. Na tarar dangar ta kwanta ta gefe ɗaya, ciyawa ta fito a tsakar gida. Duk da haka na tsaya a bakin zana na yi sallama sau uku, yadda aka koya mini. Wani tsoho mai kiwon awaki biyu ya hango ni ya ƙaraso. Ya ce ƙaramin yaron ya rasu ana tsakiyar bazara, uwar ta ja babban ta bi hanyar Kano neman mijinta. Mijin kuma ya dawo da ruwan farko da ɗan abin da ya tara, ya iske kango, ya juya neman su. Tun daga nan ba a sake jin ɗuriyar ko ɗayansu ba. Na tambayi sunan mutumin, tsohon ya faɗa mini nan take, suna ne gajere da ba zai cika rabin layin ba.

Ban ce ni na kashe yaron nan ba, rai na Allah ne, kuma yara da yawa sun tafi a shekarar har a gidajen da suka samu rabo. Amma na san kwanon hatsin da zai iya riƙe matar nan a ɗakinta har mijinta ya dawo, ni na hana shi, sau biyu, na farko don ganda, na biyu don tsoron kunya. Daga baya na yi shekaru ina aiki a Kano, duk macen da na gani da yaro a bakin kasuwa sai in rage tafiya in kasa kunne, tunda fuskarta ban sani ba, muryar kawai na sani. Na yi istigfari, na yi sadaka da niyyarta, amma wanda zan nemi yafiyarsa ban san inda yake ba. Wannan nauyi ni kaɗai na ɗauke shi, ko a cikin taron biki sai in ji kamar ina zauren mai unguwar nan ina cin abinci ni ɗaya.

Abin da na koya shi ne, takardar ƙidaya ba ta da ido, abin da mai biro ya gaya mata shi take kai wa manya, su kuma da shi suke yanke wa talaka hukunci. Ku 'ya'yana da kuke zaga gidaje yanzu kuna rubuta mutane, ko a takarda ko a waya, ku ji tsoron Allah a kan kowane layi. Mai yunwa a ƙasarmu ba ya cika faɗin yunwarsa, kunya da ladabi kan rufe masa baki, aikinku ne ku ji abin da bai faɗa ba. In kun gaji ku huta ku koma, in kun yi kuskure ku faɗa tun ana iya gyarawa, faɗan shugaba na yini ɗaya ne. Kuma duk ƙofar da kuka yi sallama aka ce muku ba kowa, ku tuna mutum ne ya amsa. Ni na rubuta ba kowa a gidan da ke da rai uku, da na koma kuma na tarar rubutuna ya zama gaskiya.