Jirgin da Kanar Yamina Ta Ƙi Sa wa Hannu

Kanar Yamina Kerroum takan iso sansani ƙarfe shida da rabi, kafin motar burodi. Ba ofis take fara shiga ba. Rumfar jirage take nufa, ta tsaya wajen Ammi Rabah, wato baffa Rabah a bakinmu, shugaban makanikai, ta karɓi gahawa a ɗan kofin gilashi ta sha a tsaye. Daga nan sai ta zagaya jirgin da za ta tashi da shi, tafin hannunta a jikinsa tun daga hanci har wutsiya, kamar mai taya rago ana gobe Sallah. Sai ta ɗaure katin rubutunta a cinyar dama, ta soka fensir biyu. Biro ba ya shiga jirginta, domin tawada kan zube idan an yi sama sosai.

Aikinta ke nan shekara ashirin da tara. Duk jirgin yaƙin da aka wargaza aka yi masa babban gyara, ba a mayar wa samarin matuƙa sai ita ta fara tashi da shi. Ta kai shi iyakar gudunsa, ta juya shi ciki sama, ta rage masa gudu har ya fara neman faɗowa, ta rubuta duk abin da ya yi. Idan ta sauka akwai takarda guda mai jiran hannu biyu, na injiniyan da ya jagoranci gyaran da nata. Sai hannayen nan sun cika jirgi yake komawa aiki.

Watan jiya ta yi ritaya. Ni Laftana Sihem Boudraa, injiniya a sansanin, na jira wani babba ya rubuta wani abu a kanta, ba wanda ya rubuta. To ni zan rubuta, ko da yake gara in faɗi gaskiya tun yanzu: matar nan da nake jinjina wa, har yau ban gama gane ta ba.

Abin da ya faru kafin zuwana, daga bakin Ammi Rabah na ji shi. Ya ce ranar da ta fara zuwa babu rigar tashi daidai da ita a duk sito. Mafi ƙanƙanta aka ba ta, ta kai wa mahaifiyarta can ƙauyensu a bayan Batna, tsohuwa ta zauna da allura ta rage ta tana mita. Shekara shida babu bayan gidan mata kusa da titin jirgi, saboda haka ban da gahawar nan ta safe ba ta sa ruwa a baki sai ta gama tashin ranar, har a Agusta, watan da zafi ya fi tsanani a ƙasarmu. Bai taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Takarda kawai take rubutawa duk wata tana neman a gina, har ranar da aka gaji aka gina.

Ya ce wani matuƙi mai baki ya taɓa tare ta a gaban jama'a, ya kira ta Lalla, wato uwargida, ya ce, "Lalla, in jirgin ya yi kuka a sama, goya shi za ki yi?"

Ta ce, "Ai naka ma ni nake jinya kullum, bayan ka jefo shi ƙasa kamar buhun dankali."

Ya kuma ba ni labarin ranar da injin ya mutu mata a saman tafkin gishiri. Daga ƙasa aka ba ta umarni ta fice da lema ta bar jirgin. Ta ce a ba ta minti ɗaya. Ta lallaɓo shi ba inji har titi, tayoyi suna hayaƙi. Da aka tambaye ta dalili, cewa ta yi idan ya tarwatse ba wanda zai san abin da ya kashe shi. Aka buɗe, aka sami bututun mai ya tsage. Aka duba sauran jirage, aka sami irin tsagar a guda huɗu. Matuƙan jiragen nan huɗu yau wasunsu sun aurar da 'ya'ya, kuma ban tabbata sun san sunan wadda ta sa aka duba ba.

Ke ce wannan, Kanar. 'Yar duwatsu, mai shiru a ƙasa, mai kunne a sama.

Ni kuwa na zo sansanin ina ji da kaina, kuma ba na neman afuwar kowa a kan haka. Ni na zo ta ɗaya a ajinmu, maza arba'in da biyu a bayana. 'Yan uwan mahaifina a Jijel sun ce karatun banza nake yi, za a ajiye ni a ofis ina buga wasiƙu. Saboda haka da aka ba ni babban gyarana na farko, jirgi mai lamba arba'in da ɗaya, na riƙe shi da haƙori. Wata takwas muna kansa. Babu notin da ban auna da kaina ba. Ranar Talata na sa hannu.

Laraba da safe Kanar ta tashi da shi. Minti hamsin ta sauko. Ta cire hular kwano, ta kwance katin ta miƙo mini. Layi bayan layi, komai ya ci. Sai can ƙasa na ga ta rubuta: "Fedar hagu ta yi rawa a tafin ƙafata sau biyu, a juyin dama mai tsanani. Ban san mene ne ba. Ba zan sa hannu ba."

Na ce, "Ranki ya daɗe, rawa kamar yaya?"

"Kamar rawa."

"Ƙarfinta nawa? Sakan nawa ta yi?"

"Laftana, ƙafata ba ta da agogo. Je ki tambayi na'urarki."

Na je na tambayi na'urata. Akwai akwatin da ke naɗe duk motsin jirgi a sama. Na zazzage shi, na bi layukan nan sau uku. Babu komai. Muka ɗaga jirgin a kan jak, muka motsa wutsiya dama da hagu, muka auna igiyoyi da sanduna. Babu komai. Ammi Rabah ya shiga ya taka fedar da ƙafarsa, ya cire takalmi ya sake takawa da safa, ya fito yana sosa ƙeya.

Alhamis kwamanda ya kira mu ofis, ni da ita. Rundunar tana jiran jirgin, an riga an sa sunan matuƙin da zai karɓe shi, wani saurayi da matarsa ke da ciki wata tara. Kwamanda ya karanta katin ya ajiye.

Ya ce, "Yamina, mun daɗe tare, bari in tambaye ki a matsayin ɗan uwa. Jirgin ne ke rawa ko ƙafarki? Shekarunki hamsin da uku fa."

"Abin da na ji na rubuta."

"Na'ura ba ta ji ba. Yarinyar nan da ta fi kowa karatu ba ta gani ba. Ki sa hannu mu huta. In kuwa kin dage, doka ta tilasta ni in tura ki gaban kwamitin likitoci, kin kuma san su. In suka nema, sai sun samu. Saura wata goma sha ɗaya ki yi ritaya. Ki ƙarasa su a sama mana."

Ta dubi takardar, ta dube shi. Ta ce, "Yaushe kwamitin yake zama?"

Na fito daga ofishin nan ina lissafi. Lissafin a fili yake. Ita an ɗauke ta daga hanya. Ranar Lahadi za a kawo wani matuƙin gwaji daga wani sansani, ya tashi da jirgin, in bai ji komai ba ya sa hannu kusa da nawa, jirgi ya tafi wajen saurayin nan. Abin da kawai zai hana shi ne in ni na janye nawa hannun. In janye a kan me? Duk abin da na koya ya ce jirgin lafiya lau yake.

Na same ta a ɗakin sauya kaya na mata, wanda ke haɗe da bayan gidan da takardunta suka gina. Tana ninke rigar tashi.

Na ce, "Ki gaya mini abin da zan nema."

"Da na sani da na rubuta."

"To in janye hannuna?"

"Hannunki ne. Me kika auna?"

"Komai. Kuma komai daidai ne."

"To kada ki yi ƙarya saboda ni."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Mu biyu ne kaɗai mata a duk sansanin nan, ranki ya daɗe. Na zaci za ki ce in tsaya a bayanki."

Ta ce, "Jirgin bai san mu mata ne ba, Sihem. Shi yaron da zai hau shi ma bai dame shi ba. Kin ci abinci kuwa? Fuskarki kamar ta mai azumi."

Ta miƙo mini dabino uku daga aljihu, ta fita.

Har yau ina juya maganar nan. Ta sayar da sauran kwanakinta na sama a kan jirgin, amma ta ƙi roƙona kalma ɗaya. In ta tabbata, me ya hana ta matsa mini? In ba ta tabbata ba, me ya sa ta yarda a sauke ta? Juma'a da Asabar na yi su a gida ban iya karanta ko layi ɗaya ba. Mahaifiyata ta yi ta tambaya ko wani ne ya yaudare ni.

Lahadi da safe, kafin baƙon matuƙin ya gama gaisawa da mutane, na shiga ofishin kwamanda na ja layi a kan sa hannuna. Akwai gurbin dalili. Na rubuta: "Na auna duk abin da na san aunawa. Matuƙiya ta ji abin da ban iya aunawa ba. A buɗe wutsiya."

Kwamanda ya karanta ya ce, "Madalla. Da ɗaya ce, yanzu kun zama biyu. Ke ma ƙafarki ce?"

Na ce, "Hannuna ne, ranka ya daɗe."

Ya gaya mini za a rubuta jinkirin a fayil ɗina, aka kuwa rubuta. Yana nan, ban ji kunyarsa ba.

Kwana goma sha tara muna wargaza abin da muka yi wata takwas muna haɗawa. Makanikai suka daina yi mini wasa. Wani ya riƙa rawa da ƙafa duk lokacin da na wuce. A rana ta goma sha bakwai muka kai ga wani ɗan boris a can cikin mahaɗar wutsiya. Ya ɗan ci kaɗan. Na auna shi, na buɗe littafi, cin bai kai iyakar da littafi ya hana ba. Ammi Rabah ya ɗora shi a yatsa yana juyawa kusa da kunnensa.

Na ce, "Shi ne?"

"Littafi ya ce lafiyarsa ƙalau."

"Kai me ka ce, Ammi?"

"'Yata, ni makanike ne, ba mai duba ba. Miƙo mini sabo."

Muka sauya shi, muka mayar da komai. Baƙon matuƙin ya dawo ya tashi da jirgin, bai ji komai ba, ya sa hannu, na sa nawa. Arba'in da ɗaya yana tashi har yau. Wasu sun ce boris ɗin ne, Kanar ta ceci rai. Wasu sun ce tun farko ba abin da ya same shi, tsohuwa ce ta ɓata mana kwana goma sha tara. Ni da na riƙe boris ɗin a hannuna ba zan iya rantsewa da ko ɗaya ba.

Ita kuwa kwamiti ya nema ya samu. Kunnenta na hagu ya ɗan rage ji, aka hana ta tashi. Ba ta ɗaukaka ƙara ba. Aka ba ta tebur a ɗaki marar taga tana karanta katunan wasu, ta yi wata goma sha ɗaya a nan ba ta makara ko sau ɗaya ba. Idan jirgi ya tashi gilashin ƙofarta yakan yi kaɗawa, sai in ga ta dakata da rubutu har ƙarar ta yi nisa, sannan ta ci gaba. Wannan zaman, a ganina, ya fi saukar tafkin gishiri wuya.

Ranar sallamarta aka dafa kuskus da naman rago, kwamanda ya yi jawabi mai kyau wanda babu arba'in da ɗaya a ciki. Na raka ta mota ɗauke da kwalinta. Na kasa haƙuri.

Na ce, "Tsakaninki da Allah, boris ɗin ne?"

"Ban sani ba."

"Kika rasa sama a kan abin da ba ki sani ba?"

Ta ce, "Na ji shi. Sanin ko mene ne, wannan aikinku ne. Sa kwalin a baya, kada ki fasa mini kofi."

Ke ce kika koya mini wannan, Kanar, ba tare da kin zaunar da ni ba, kuma ban gama fahimtarsa ba. A makaranta an koya mini kada in rubuta sai abin da zan iya karewa. Ke kika rubuta abin da ba za ki iya karewa ba, kika tsaya a kansa, kika biya, ba ki ja kowa ya taya ki biya ba. Na gode. Na gode a madadin matuƙan da ba su san sunanki ba, da 'yar da aka haifa wa saurayin nan ana tsakiyar wargaza wutsiya. Allah ya ba ki lafiya da hutu a gidanki na bayan Batna.

Ku kuma da ke sa hannu a kan abin da wani zai hau, ko ya sha, ko ya kwana a ƙarƙashinsa, ga abin koyi. Makon jiya wani Kaftin ya sauko daga tashi, ya tsaya a bakin ofishina yana murza hula. Ya ce ya ji wani abu a sandar tuƙi, amma wataƙila ba komai ba ne, kada in ɗauke shi matsoraci.

Na ce, "Mene ne?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba."

Na tura masa takarda na ce, "Zauna ka rubuta haka."