Farin Yadi a Kan Igiyar Shanya

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safiyar wata Asabar na miƙa hannu kan igiyar shanya a tsakar gidanmu da ke Zaitawa, na janyo wani farin yadi na cusa a jaka. Na riƙe lokacin ne saboda wayata tana hannuna, ƙawata tana ta kira tana cewa idan rana ta take hoton ba zai yi kyau ba.

A lokacin ina aji biyu a sashen koyon aikin jarida da fim. Malaminmu ya raba mu uku-uku, ya ce kowane rukuni ya haɗa tallar fim ta minti ɗaya, irin wadda 'yan fim ke kira tirela. Da aka yi ƙuri'a, mu muka faɗa kan fim ɗin zombi, wato na gawarwakin da ke tashi suna bin masu rai suna cizo. Rukuninmu ni ce da ƙawata, 'yar Ƙofar Ruwa mai baki kamar rediyo, sai wani ɗan ajinmu mai kyamara. Ni ba na iya magana a gaban aji, kuma ko kusa ba zan tsaya gaban kyamara ba. Don haka aka bar mini tsara labari da nemo kaya.

Ban iya yin abu rabi-rabi ba. Na zauna a ɗaki na kalli tallan irin waɗannan finafinai masu yawa, na rage sauti don kada Umma ta ji, har na gane duk hanya ɗaya suke bi. Ana farawa da zaman lafiya: uwa tana girki, yara suna wasa a ƙofar gida. Sai mai karanta labarai a rediyo ya fara wata magana, muryarsa ta yanke. Sai allo ya yi baƙi, a ji wani gum kamar an saki turmi a ƙasa. Gawar farko ba a nuna fuskarta, daga nesa ake hango ta, ta ba da baya, tana jan ƙafa. Ba a taɓa faɗin abin da ya kawo annobar. Kuma bayan sunan fim ya fito, mai kallo ya saki jiki, sai a jefo masa fuska guda ta ƙarshe.

Abu ɗaya ne na ƙi yarda da shi. Ƙawata, wadda za ta fito a matsayin gawar, tana so ta sa yagaggen wando da riga kamar yadda ake yi a finafinan waje. Na ce mata a'a, su can da kwat da takalmi suke binne mutanensu, shi ya sa suke tashi da su. A garin nan wa aka taɓa kaiwa kushewa da wando? Idan gawar Kano ce za ta tashi, cikin farin ƙyalle za ta tashi, ba takalmi. Ta ce ni dai na cika ƙaƙale, to in nemo ƙyallen. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar, don ban saba cin gardama ba.

Umma tela ce, ba ta rabuwa da farin yadi na shafin riga, kuma ta ce in ɗauki wanda ya yi mini. A wannan makon an yi ruwa mai yawa, ɗakin kakata Hajiya, mahaifiyar Abba, ya yi yoyo, aka fito da kayan adakarta aka baza su sha iska. Igiya ta cika da kayanta da na Umma a haɗe. Fararen yadi sun kai huɗu ko biyar a wurin. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa. Wannan yana da kalmasa, na bar shi. Wancan yana da sheƙi, na bar shi. Sai na sami wani babba, marar ɗinki ko ɗaya, ya ɗan dafe saboda daɗewa, yana ƙanshin kafur. Na ce a raina wannan kam kamar gaske. Umma tana kan keke a ɗaki, na ɗaga murya na ce na ɗauka, ta ce to ba tare da ta leƙo ba.

A wani kango kusa da Ƙofar Na'isa muka yi aikin. Ni na dafa zoɓo ya yi kauri, na dama shi da sitaci ya zama jini. Ni na sa almakashi na tsattsaga gefen yadin, na huda shi wuri uku, na tumurmusa shi a jar ƙasa. Na shafa wa ƙawata toka a fuska, na naɗe ta, na koya mata yadda za ta karkatar da wuya ta ja ƙafar hagu. Duk lokacin da ta fashe da dariya sai in sa a sake. Mai kyamara ya ce bai taɓa jin na yi magana mai yawa haka ba.

Bayan la'asar na dawo gida. Na tarar da Hajiya a kan tabarma tana ninke kayanta, Umma da wata maƙwabciyarmu suna ɗaɗɗaga kayan ɗinki suna neman wani abu. A gaban Hajiya akwai wasu fararen ƙyallaye ƙanana, an ninke su an ɗora a kan juna. Launinsu ɗaya da wanda ke cikin jakata. Umma ta ɗago ta dube ni, ta tambaye ni wane yadi na ɗauka da safe.

Na buɗe jaka na fito da shi. Bai ma bushe ba.

Maƙwabciyar ta yi salati a hankali. Umma ta dafa bango ta ce, “Likkafanin Hajiya ne.”

Na so a ce ta mare ni. Ba ta mare ni ba. Hajiya ta miƙo hannu ta kama gefen yadin, ta sa yatsa a ɗaya daga cikin hujojin da na yi, ta daɗe tana kallo. Ta tambaye ni mene ne wannan jan, na ce zoɓo ne. Ta ce to. Ta tattara sauran ƙyallayen ta shige ɗaki.

Da magariba Abba ya zaunar da ni ya faɗa mini abin da ban sani ba. Shekarar da Hajiya da marigayi Malam, kakana, suka je aikin hajji, sun sayi bandir ɗaya na farin yadi, suka jiƙa shi da ruwan zamzam, suka shanya, suka taho da shi. Da suka iso gida Malam ya raba shi biyu da hannunsa. Rabinsa an sa shi a ciki tun ina goye. Rabinta ne ke ƙasan adaka duk shekarun nan, kuma babban fallen, wanda ake naɗe jiki duka da shi, shi na ɗauka. Abba bai ɗaga murya ba. Ya ce zai sayo wani yadin, akwai wanda ya dawo daga umara da zamzam, za a yayyafa. Da ya kai wa Hajiya maganar, ta ce ya bar kuɗinsa.

Na wanke yadin washegari. Ban san zoɓo yana rikiɗa idan ya haɗu da sabulu ba. Jan ya koma shuɗi-shuɗi, kamar jikin da aka daka. Na jiƙa, na sake wankewa, na sa lemon tsami, har fatar yatsuna ta saɓule. Ya dushe amma bai fita ba, hujojin kuwa suna nan. Na goge shi na ninke, na rasa yadda zan miƙa mata, sai na ba Umma ta kai.

Ni da Hajiya muna wasan jika da kaka tun ina ƙarama, kuma ita kaɗai ce a duniya nake iya tsokana. Ina shiga ɗakinta da safe zan ce, tsohuwa har yanzu kina nan, yaushe za mu ci gumbarki? Ita kuma ta ce sai ta ga aurena da mai haƙuri, don ba mai ɗaukar mace da ba ta magana sai da littafi. Tana kirana 'yar boko, tana cewa idona zai mutu kafin nata. Daga ranar Asabar ɗin nan duk wannan ya tsaya. Ba ta yi fushi a fili ba. Idan na gaishe ta sai ta amsa da kyau, lafiya lau, ya karatu, Allah ya yi albarka, irin amsar da take ba baƙin Abba. Ni kuma kalmar gumba ta fi ƙarfin bakina. Da wane ido zan yi mata wasan mutuwa?

Maƙwabciyar nan ba ta riƙe bakinta ba. A wani suna da aka yi a layinmu na ji mata suna nuna ni da baki, ga wadda ta yi fim da likkafanin kakarta. Wata ta ce abin da boko ke jawowa ke nan. Na bar abincina na fito. Na koma bin dogon lungu idan zan tafi makaranta, don kada in wuce ƙofar gidajen da aka san ni.

Na roƙi ƙawata mu janye tallar. Ta ce an riga an miƙa wa malaminmu, kuma makin mutum uku ne. Ta ce ita ma tun da ta ji ba ta iya barci sosai, tana jin ƙanshin kafur a jikinta. Ranar da aka haska a aji, malaminmu ya tsayar da hoton daidai inda gawar ta ba da baya a bakin kango. Ya ce kowa ya dubi wannan ƙyalle, wannan shi ne sanin inda kake, ba kwaikwayon na waje ido rufe ba. Ya tambaya wa ya kawo shawarar. Ƙawata ta nuna ni, aji ya tafa. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsuna da ba su gama warkewa ba, suka ɗauka kunyata ce ta kullum.

Aka ɗauki makonni a haka. Wata rana da hantsi, ba ni da lacca, Hajiya ta aiko Umma ta kira ni. Na shiga na durƙusa a bakin ƙofa. Yadin yana kan cinyarta. Ta ce in matso, ta ji an ce abin yana cikin waya, tana so ta gani.

Na ce ba abin kallo ba ne. Ta ce da kayanta aka yi, don haka za ta kalla.

Na kunna na riƙe mata kusa da ido. Ta kama wuyan hannuna ta daidaita wayar. Ta ga mace tana tankaɗe, ta ji rediyo ya yanke, allo ya yi baƙi. Da gum ɗin ya tashi ta ɗan zabura. Sai ga ƙawata daga nesa cikin farin yadi, tana jan ƙafa. Hajiya ta tambaya me ya sami ƙafarta. Na ce haka suke tafiya. Ta tambaya ina za ta. Na ce mutane take nema ta ciza. Ta ce wa ya yi mata laifi? Na ce ba kowa, a irin wannan fim ba a faɗin dalili. Ta girgiza kai ta ce lallai ba a yi wa wannan salla da kyau ba. Da fuskar ƙarshe ta faɗo bayan sunan fim, ba ta ko motsa ba. Ta ce ai wannan 'yar Ƙofar Ruwa ce mai surutu, toka ba ta ɓoye ta ba.

Ta sa na maimaita mata. A karo na biyu ba ƙawata take kallo ba. Ta kai yatsa kan gilashin wayar, daidai gefen yadin da iska ke kaɗawa, ta ce nan ne Malam ya yanka, bai iya riƙe almakashi ba, shi ya sa ya karkace. Na duba wanda ke cinyarta. Gefe ɗaya da ban taɓa ba, a karkace yake.

A nan hawaye ya zo mini. Na yi ta ƙoƙarin haɗa maganar da na daɗe ina shiryawa, ta ƙi haɗuwa. Abin da ya fito kawai shi ne, “Hajiya, yanzu me za a yi da shi?”

Ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro allura da farin zare ta ajiye a tafin hannuna, ta tura mini yadin kan gwiwata.

Ta ce, “Da shi za a sa ni, na riga na gaya wa ubanki. Zoɓo ba najasa ba ne. Ki ɗinke inda kika huda, ƙanana-ƙanana irin ɗinkinki na ƙaƙale, kada ki taɓa gefen Malam. Yadin dai ya ga Ƙofar Na'isa, ni in na shiga ba inda zan tashi in je. Gumbata ce dai, 'yar boko, ko loma ɗaya ba za ki ci ba.”