Illo Shofer da Murfin Tanki

A zamanin aikin tilas, duk Dogon Dutsi baƙar fata ɗaya ne ya iya tuƙa mota, shi ne Illo Shofer. Ɗan Matankari ne, gajere, ga baki kamar ya aro na wani ya ƙara. Fasa dutse aka kai shi hanyar Dosso, can ya liƙe wa wani direban babbar mota har ya koyi tuƙi. Daga nan wani kumandan, Baturen mulki da ake wa laƙabi Jan Wuya, ya ɗauke shi. Illo ya samu hular kaki, ya daina gaida mutane da hannu biyu.

Wata shekara Jan Wuya ya tafi hutu ƙasarsu, mota ta yi damina guda a rumfa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Da ya dawo aka wanke ta, aka zuba mai, ta tashi lafiya lau. Sai dai ta koyo sabon hali: in ta ɗan yi nisa sai ta yi tari, ta shaƙe, ta mutu a tsakiyar yashi.

Illo ya kankare buji mai ba inji wuta, ya hura bututun mai har idonsa ya yi ja, ya tace man da ƙyalle. A banza. Talakawan da ake tarowa turi suka ce aljana doguwa ce ta tare a ciki. A gabansu Illo ya ce jahilci ne, a ɓoye kuwa ya karɓo addu'a wurin wani Malam Tukur. Mota na mutuwa sai ya zagaya baya, ya buɗe murfin tanki, ya karanta, ya tofa, ya rufe. Wallahi sai ta tashi!

Rannan a hanyar Gesheme Jan Wuya ya sauko ya kama shi yana tofa yawu a tankin gwamnati. Wuyan nan ya ƙara ja. Ta bakin tafinta ya ba shi kwana uku: ko mota ta gyaru, ko ya koma fasa dutse.

Tsoro ya kama Illo ƙwarai, don ya san dutsen nan, ya ga mazan da ya cinye. Ran na uku da hantsi matarsa Lantana ta kawo masa fura, ta tarar da shi zaune cikin ƙarafa ya yi tagumi.

"Maigida, in ka buɗe murhin ka tohwa, sai ta tashi?" in ji ta.

"Ƙwarai."

"To ka taɓa buɗewa ba ka tohwa ba?"

"Ke, mi kinka sani ga mota?"

Ta ɗauki murfin ta juya shi. "Ban san mota ba, amma na san zanzaro. Ga ɗan rami nan ya liƙe da laka. Haka ya yi ma butata da na tahi wankan jego."

Ashe ramin da tanki ke shan iska ne. In ya toshe mai ba ya sauka, buɗe murfin ne ke tada motar, yawun Illo bai taɓa tsinana komai ba. Lantana ta zari tsinken tsintsiya ta tsokale. Mota ta je Gesheme ta dawo ko tari babu.

Illo ya gaya wa Jan Wuya ciwon cikin inji ne mai wuyar bayani. Mutanen gari kuwa ya ce musu kokawa ya yi da doguwa ya kayar. Ya shekara ashirin da hularsa, ya ga bayan kumandan huɗu. In ya fara cika baki a tsakar gida, sai Lantana ta ajiye tsinke ɗaya kusa da ƙwaryar furarsa, labari ya ƙare nan take.

Sai ran da ta rasu ya faɗi gaskiya, a zaman makoki, yana kuka kamar yaro. Mutane suka ce baƙin ciki ne ya taɓa tsoho. Ba wanda ya yarda, kowa ya fi son na doguwa.