Shayin da Labaran Ya Raba

Duk wanda ya zauna a Kurfi bayan 1982 ya san Labaran Chadi. Ba iyayensa ne suka raɗa masa Chadin ba, shi ya liƙa wa kansa. Ga hular soja da ya tsinto, ga tafiya ana buga ƙafa, ga baki. Ranar kasuwa sai ya baje a gindin bishiyar bedi yana ba da labarin yadda harsashi ya riƙa shafar kunnensa a fagen daga a Chadi.

Da mu kaɗai yake yi wa, da sauƙi. Amma akwai Gwaggo Rekiya ta Rawayau, wadda ɗanta Mahmuda, soja na gaske, ya tafi Chadi bai dawo ba, ba gawa, ba kabari. Abu ɗaya take nema a duniya: wanda ya ga ɗanta daga ƙarshe. Labaran, don tsabar rashin kunya, ya ce mata shi da Mahmuda a ramin yaƙi ɗaya suka kwanta. Shekara uku tana takowa da fura, yana shanyewa yana ƙara mata ƙarya.

Sai aka kawo wani Ernest aiki gidan waya na Dutsin-Ma. Ya shigo kasuwar Kurfi, ya hango gogan naku, ya washe baki: "A'a, Labaran! Har yanzu kana raba shayi?"

Nan muka ji komai. Jirgin fasinja ne, irin mai kai alhazai, gwamnati ta karɓe shi har da ma'aikatansa don jigilar sojoji. Su biyun suna ciki, Labaran ne mai tura keken shayi. Sawu tara suka yi zuwa Njamena, ko sau ɗaya bai sauko daga matakala ba.

Muka yi ta dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Ta matso kusa da Labaran.

"To ai ka gan shi ke nan, ɗan nan. Dogo ne, mai wushirya. Bai son sukari da yawa. Ya sha?"

Ban taɓa raina mutum kamar ranar ba. Gaskiya ɗaya tak ta roƙa, shi kuwa ya tsaya yana murza hula. Ashe ko fuskokin sojojin bai duba ba. A wurinsa ƙauyawa ne masu ɓata masa kujeru da takalma.

"Suna da yawa, Gwaggo," in ji shi.

Ta ɗauki ƙwaryar furarta a cike, ta kama hanyar Rawayau.