Turancin Kicin da Sunan 'Yata ta Fari

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai ɗauke ranar da na shiga ofishin shugabar makarantar 'yata a Kubwa na yi faɗa da Turanci. Ni fa, da a lokacin ko gaishe ni aka yi da Turanci sai dai in yi ta murmushi kamar sabuwar amarya.

Daga wani ƙauye a ƙasar Katsina muka dawo Abuja, maigidana yana da shago a kasuwar Gudu. Maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Gbagyi, mai dariya kamar za ta tsage rufi. Hausarta kuwa, "kai" da "ke" duk ɗaya ne a wurinta. Wata rana muka je cefane ta ga ina nuna tumatir da yatsa, ta ce, "Maman yara, kai ba za ka zauna a Abuja kamar kurma ba!" Muka yi yarjejeniya, ita ta koya mini Turanci, ni in gyara mata Hausa. Nata gyaran har yau bai kama ba.

Kicin ne ajinmu. Ta ɗaga ludayi in faɗi sunansa, ta ɗaga tukunya, tsintsiya, albasa. Da sunaye suka zauna sai ta ce in riƙa haɗa magana: na dafa jiya, ina dafawa yanzu, zan dafa gobe. Kai, jiya da goben nan sun ba ni wuya! Ina wanke-wanke ina ta maimaitawa ni kaɗai, har maigida ya leƙo ya ce, "Lafiya? Ke da wa?" Na ce ni da tukunya.

Abu ɗaya ne ta kasa sa ni. Takan ce in haɗa magana a kan mutanen gida. Na yi a kan maigida, na yi a kan ƙananan yara, har kazar maƙwabta ban bari ba, amma ban da babbar 'yata. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan 'yarta ta fari, ba ta yabonta, ba ta tare mata faɗa a gaban mutane. Kunya ce, haka muka tashi muka gani. Yarinyar ma a hannun kakarta ta girma, sai da tsohuwar ta rasu aka kawo mini ita ta shiga sakandare. "Ke" nake ce mata, in kuma zancenta nake yi in ce "waccan". Maƙwabciyata ta yi ta fama: "Ka ce my daughter mana! Ba kai ka haife shi ba?" In ce mata don Allah ta ƙyale ni mu koma kan albasa.

Ana haka sai makaranta ta aiko a zo, a kan yarinyar. Maigida yana Kano wajen saro kaya. A waya ya ce, "In sun ce ba za ta iya ba, kada ki ja da su. A mayar da ita gida wurin gwaggonta." Ni kuwa na san ƙauyenmu babu sakandare kusa, komawarta ita ce ƙarshen karatunta. Na leƙa wajen maƙwabciya ta raka ni, ashe tana aikin safe. Haka na yafa mayafi na tafi ni kaɗai, ina ta karanto gaisuwar Turanci a hanya kamar mai tilawa.

A ofis na tarar da shugabar makaranta da malamar ajinsu, dukansu mutanen kudu, ko "zo" ba su ji da Hausa. Yarinyar tana tsaye a gefe, kai a ƙasa. Malama ta fara zuba Turanci kamar ruwan sama a kan kwano. Na kasa kunne ina tsintar abin da na sani, kuma abin mamaki, na tsinci da yawa. Wai ba ta kallon malama in ana yi mata magana. Wai in an yi mata faɗa sai ta durƙusa ta yi shiru. Wai taurin kai ne da raini, gara a nema mata wata makarantar. Sai malamar ta juya ta daka mata tsawa ta ce ta kalle ta. Yarinya ta ƙara sunkuyar da kai.

Raini? Ladabin da kakarta ta yi shekaru tana koya mata shi ne raini? Na sha tuna wannan lokacin, kuma na tabbata da Hausa ake yi, da abin da uwata za ta faɗa zan faɗa: ku yi haƙuri, ku hukunta ta. Sai dai shi Turancin nan ban gaji kunya a cikinsa ba. A kicin na koye shi, tsakanin ludayi da tukunya, babu wata gwaggo da ta taɓa harara ta a kansa.

Sai kawai na ji bakina ya ce, "She is my daughter." Na kuma kira sunanta, cikakke, da ƙarfi.

Daga nan ban san inda maganar ta riƙa fitowa ba. Jiya da gobe suka cakuɗe, ban damu ba. Na ce a garinmu yaron kirki ba ya kallon idon babba. Na nemi kalmar ladabi da Turanci na rasa, sai na tashi daga kujera na durƙusa na sunkuyar da kai, na ce musu wannan, wannan shi ne girmamawa. Na ce tana dafa abinci, tana yi wa ƙannenta wanka, tana karanta musu littafi kullum da yamma. Na ce yarinyar kirki ce. Na ce ku ba ta littafi yanzu ku ji.

Shugabar ta ɗauko littafi ta miƙa wa yarinyar. Kanta a ƙasa, amma ta karanta shafin nan tas. Sai malamar ta ce a garinsu yaron da ya ƙi kallon idonka wani abu yake ɓoyewa, ba ta san namu daban ba ne. Ba muguwar mata ba ce, har haƙuri ta ba ni. Aka tsaya a kan yarinya za ta ci gaba da karatu, ta riƙa ɗan ɗago kai in ana tambayarta.

Muka fito. Muna tsaye a bakin titi muna jiran keken haya mai ƙafa uku, sai yarinyar ta ce a hankali, "Inna, ashe kin san sunana." Wallahi sai da na ja mayafi na rufe fuskata. Na ce, "Ke, rufe mini baki ki tare mana keke." Da na ba maƙwabciyata labari da yamma, ta buga cinya ta ce, "Ka gani? Tukunya ya yi aiki!"

Yanzu yarinyar tana jami'a. Turancina har gobe da gargada, kuma da Hausa har yanzu "ke" nake ce mata, ban fasa ba. Amma in ta bugo waya za mu yi sallama, nakan juya harshe in kira sunanta, ita kuma ta yi dariya. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kada mutum ya jira sai ya ƙware kafin ya buɗe baki, ɗan abin da ya iya zai yi masa rana. Ta kuma koya mini cewa duk kunyar uwa, 'yarta tana son ta ji da kunnenta cewa tata ce.