Yaɓen Baba a cocin bayan unguwarmu

Wata Asabar ce bayan an kwashe tattasai daga gonakin bakin kogin Komadugu, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, makarantar boko, na ga Baba tsaye gaban ƙaramin cocin 'yan Katolika na bayan unguwarmu, hannu cikin aljihu, yana kallon wasu suna shafa wa ginin siminti. Ban taɓa ganin hannun Baba cikin aljihu ba sai ranar.

Shi ya gina cocin tun ba a haife ni ba, shi Musulmi mai sallarsa biyar, don 'yan tsirarun ma'aikata da sojojin da aka turo Diffa daga yamma. Da tubalin laka ya yi shi, bango kamu biyu, rufin ya lanƙwaso shi ba azara ko ɗaya, da ƙananan tagogi can sama inda iskar kogi ke shiga. Ko a tsakiyar bazara, in ka shiga sai ka ji kamar cikin randa. Duk shekara kafin damina akan yi masa yaɓe. Jakai su kawo laka daga bakin kogi, mu yara mu tattaka ta da ƙaiƙayi muna jifan juna, matan sojoji su dafa shinkafa, Mompera, tsohon limaminsu, ya naɗe wando ya shiga kwaɓi Baba na yi masa faɗa.

Da Mompera ya bar gari, wani injiniya ya zo da takardunsa ya ce yaɓen shekara-shekara ƙauyanci ne, siminti za a shafa. Baba ya girmama shi da Faransanci ya ce, "Mushe, laka numfashi take yi. In ka toshe ta, daga ciki za ta ruɓe." Aka yi dariya, aka ba shi kujera a inuwa.

Damina ta huɗu bayan nan bangon gabas ya zube, danshi ya cinye shi ta bayan simintin. Injiniya ya daɗe da tafiya, sai gari ya ɗauka cewa ginin Baba ne ba ƙwari. Daga nan ko shingen akuya ba wanda ya ƙara kiransa ya gina, har ya rasu. Wannan ne ban yafe ba har yau.

Yanzu bulo da kwano ne a wurin. Ranar Lahadi in na wuce, nakan hango masu ibada ciki suna fifita da takarda, zufa na zuba. Ba wanda ya san sunan mutumin da ya taɓa sanyaya musu wurin.